Harafi mai kauri mai karkata gaba: ina ya dace, ina bai dace ba

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka, ka ce kana koyon aikin zane a kwamfuta a Marwa kuma harafin nan mara ƙafa mai kauri wanda ya karkata gaba, wato gra italik, ya shiga ranka sosai, har kana so ka sa shi a allon wani mai sayar da kayan moto, da takardar farashin wani kanti, da katin bikin ƙanwarka, shine kake tambaya ko ya dace da duka ukun kuma wanne ya fi kyau a cikin irinsa. Toh a gajarce, allon mai kayan moto eh ya dace ɗari bisa ɗari, takardar farashi kan takardar kawai, wato sunan da ke samanta, za ka sa masa, katin biki kuma a'a kar ka sa. Amma bari in maka bayanin dalili don gobe in wani aikin ya zo ka yanke da kanka ba sai ka tambaya ba.

Abu uku ne aka haɗa a harafi ɗaya kuma kowanne da aikinsa. Rashin ƙafa, wato babu ƴan ƙananan gefunan nan da kake gani a ƙarshen sandunan Times New Roman, shi ke sa harafin ya fito tas babu ado. Kauri shi ke sa a hango shi daga nesa. Karkata kuma ita ke sa ido ya ji kamar abin yana tafiya, saboda duk abin da ya sunkuya gaba a rayuwa gudu yake yi ko yana shirin yi. In ka haɗa ukun sai ka samu rubutun da ke ɗaga murya kuma yana sauri a lokaci ɗaya. Kamar hon ɗin moto ne, ka danna sau ɗaya kowa ya waiwayo, ka riƙe shi tun daga kasuwa har gida babu mai sake kula ka sai dai a ji haushi. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya fito.

Tarihinsa ba sai na ja ba amma yana da kyau ka sani. Rubutu mai karkata ya fara ne a ɗab'i a birnin Benis na Italiya a 1501, wajen wani mai buga littattafai Aldus Manutius, wanda ya sassaƙa masa haruffan kuma Francesco Griffo, sun kwaikwayi rubutun hannu na malaman lokacin ne, siriri mai laushi, babu ruwansa da ihu. Mara ƙafa kuma sai 1816 William Caslon na huɗu ya fitar da shi a Landan, kuma talla da alluna ne suka raine shi. Daga baya manyan da muke amfani da su har yau suka zo, Futura na Paul Renner a Jamus a 1927, sai 1957 aka samu biyu a shekara ɗaya, Helvetica na Max Miedinger a Suwizalan da Univers na Adrian Frutiger a Paris, sai Arial na kamfanin Monotype a 1982 wanda shine ke cikin kusan kowace kwamfuta a garin nan. Frutiger ma lamba ya ba ƴaƴan gidan Univers maimakon suna, 55 na yau da kullum, 56 shi ne dai amma a karkace, 65 mai kauri, 66 mai kauri a karkace, 75 da 76 baƙaƙe wuluk. Kaga tun daga nan an nuna maka cewa wanda kake so ɗin ɗa ɗaya ne a cikin gida, ba shi kaɗai aka haifa ba, an yi shi ne ya yi aiki tare da ƴan'uwansa.

Yanzu abin da na fi so ka riƙe, wanda yara da yawa masu aikin nan ba su sani ba, karkata iri uku ce kuma ɗaya daga ciki jabu ce.

Ta farko ita ce italik na gaskiya, inda mai zanen polis ɗin, wato nau'in harafin, ya sake zana kowane harafi daga farko har siffar wasu ta canza. Buɗe Word ka rubuta kalmar "lafiya" da Calibri ko Trebuchet MS ko Gill Sans sannan ka danna I, wato maɓallin karkata rubutu, ka kalli harafin a ɗin, za ka ga ta bar siffar bugu mai ƙugiya a sama ta koma irin a ɗin da muke yi da biro, zagaye da sanda. Wannan yana da ɗan taushi, yana kama da hannun mutum. Ta biyu ita ce oblik, harafin tsaye ne aka sunkuyar da shi siffarsa ba ta canza ba, amma mai zanen ya bi ya gyara kaurin da hannunsa yadda komai zai daidaita, irin su Helvetica Bold Oblique da Futura Bold Oblique da Arial, shi Arial ana kiransa italik amma a zahiri sunkuyarwa ce. Helvetica da Arial karkatarsu digiri 12 ce, Univers na asali ya kai 16 shi ya sa ya fi su kama da mai gudu. Wannan rukunin ya fi kama da inji da ƙarfe, kuma shi ne ya dace da mai kayan moto ɗinka.

Ta ukun ita ce matsalar. Wasu polis ɗin da ke zuwa da kwamfuta ba su da italik sam, misali Impact wanda kowa ke so a kan bash, wato ledar nan mai kauri da ake buga talla a kai, Geoffrey Lee ya zana shi a 1965 kuma guda ɗaya ne tal, babu mai karkata babu ƙarin kauri, haka Tahoma yana da mai kauri amma ba shi da italik. In ka danna I a kansu a Word, kwamfuta ba za ta ce maka babu ba, za ta tura kan harafin gefe ne kawai da lissafi. A Photoshop ma akwai maɓallai biyu da aka rubuta musu faux gras da faux italique, su da kansu sun gaya maka na ƙarya ne, haka aplikeshon na waya da yawa suke yi a ɓoye. Yadda za ka gane shi, ka ƙara girman O da A da V sosai. A na jabu, O zai kumbura a sama ta dama da ƙasa ta hagu ya sirance a sauran kusurwoyi biyun, A kuma ƙafarsa ta hagu za ta rame ta dama ta yi ƙiba, V akasin haka. Dalili shine tura kai gefe yana miƙar da duk sandar da ta riga ta jingina dama sai ta sirance, wadda ta jingina hagu kuma ta taƙaice ta yi kauri. A allon waya ba za ka lura ba wallahi, amma in aka buga shi a bash mai mita 3 ko 4 aka rataya a bakin titi, ko wanda bai san aikin ba zai ji akwai abin da ba daidai ba ko da bai iya faɗin mene ne. Kaurin jabu ma haka, layi kawai ake zagaya wa harafin ta ko'ina, sai ramin cikin a da e ya kusa toshewa kuma haruffa su manne da juna saboda ba a ƙara musu fili ba. Don haka kafin ka fara aiki duba jerin polis ɗin ka tabbata akwai wanda aka rubuta Bold Italic ko Bold Oblique a matsayin fayil nasa na kansa, in babu, canza polis kar ka tilasta.

Ina ya dace? Duk inda kalmomi kaɗan ne, manya ne, kuma ana son a ji motsi ko gaggawa. Sunan kamfanin sufuri a gefen bas mai zuwa Ngaundere ko Kuseri, shagon kayan moto, wajen wankin mota, masu aika kaya da kuɗi, gyaran waya na nan take, afish wato takardar sanarwar wasan ƙwallo in Coton Sport na da wasa a Roumdé Adjia, sunan ƙungiyar unguwa a gaban riga, kalmar PROMO ko SABO ko ARHA a kusurwar talla. Manyan duniya ma haka suke yi, kalli DHL ja a kan rawaya haruffa uku sun sunkuya kamar za su bar allon, kalli sunan Nike, irin Futura ne matsattse mai kauri a karkace. Akwai wata mai zane a Amurka Barbara Kruger da ta yi suna tun shekarun 1980 da sa farin Futura Bold Oblique a cikin jan akwati a kan hoto baƙi da fari, daga baya kamfanin tufafi na Supreme ya ɗauki irin wannan salon ya yi tambarinsa. Abin da za ka lura a dukkansu, kalma ɗaya ce ko jimla gajeriya ƙwarai, babu wanda ya rubuta sakin layi da shi.

Allon mai kayan moto ɗin ga yadda ni zan yi shi. Sunan shagon kaɗai zai ɗauki gra italik, babba, ya cinye kusan rabin tsayin allon. Abin da yake sayarwa, taya, sarƙa, buji, man inji, batir, wannan ka sa shi da ɗan gidan polis ɗin amma a tsaye kuma ba mai kauri sosai ba. Lambar waya kuma, dan Allah ka ji wannan, a tsaye. Lambar Kamaru tara ce ta Chadi takwas, mutum yana kan moto ko yana tsallaken titi yana ƙoƙarin haddacewa, in ka sa ta da kauri a karkace 6 da 8 da 9 da 3 duk sai su zama dunƙule iri ɗaya daga nesa, 1 kuma in ya sunkuya sai ya fara kama da 7. Lamba ɗaya ta kuskure kwastoma ya tafi wajen wani. Ka raba ta biyu-biyu da fili mai kyau a tsakani yadda muke karanta ta da baki. Game da girma, ƙa'idar da masu allo ke bi ita ce kusan santimita 2 da rabi na tsayin harafi ga kowane mita 3 na nisa in ana so a karanta cikin sauƙi, wato in daga mita 30 kake so a gani harafin ya kai santimita 25, kuma ni in harafin a karkace yake ina ƙara masa kaɗan a kan haka. Ka lura ma da allunan hanya irin na Faransa da muka gada, sunayen manyan garuruwa a tsaye ake rubuta su da manyan haruffa, mai karkata an bar wa ƙananan wurare, saboda direba ba shi da lokacin sake kallo.

Akwai wani abu game da mota da ba a cika faɗa ba. Harafi kullum dama yake sunkuyawa, toh a gefen dama na bas zai sunkuya wajen gaban mota, a gefen hagu kuma zai sunkuya wajen bayanta. Wasu masu fenti sai su juya karkatar a gefen hagu don duka su kalli gaba. Ni ban goyi bayan haka ba, harafi mai jingina baya ido bai saba da shi ba yana da wuyar karantawa, kuma sunan kamfani ya kamata ya zama iri ɗaya a ko'ina. Ka bar shi yadda yake.

Takardar farashi kuma, kan takardar wato sunan kanti da wataƙila sunayen rukuni irin su kayan masarufi, kayan sha, sabulai, su za ka iya ba su. Jerin kaya da kuɗinsu a'a. Lambobi a jere suna buƙatar su tsaya ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, 500 a ƙarƙashin 1500 a ƙarƙashin 12500, ido na saukowa a miƙe, in kowane layi ya jingina sai ginshiƙin ya zama kamar yana zamewa. Kuma in komai mai kauri ne babu abin da ya fi wani, mai saye ba zai san inda zai fara kallo ba. Haka wasiƙar neman aiki, da CV, da takardar makaranta, da takardar asibiti ko bayanin shan magani, duk abin da za a zauna a karanta layi bayan layi ba wurinsa ba ne. Kalma ɗaya a cikin shafi, misali gargaɗi, ba laifi. Shi ma in kauri kaɗai ya isa toh kar ka ƙara karkata, in ka haɗa G da I da S, wato maɓallan kauri da karkata da jan layi a ƙasa, duka uku a kan kalma ɗaya kamar yadda ake yi a sakatariya da yawa, layin ƙasan yana yanke wutsiyar g da y da j ne kawai.

Katin biki. Na san kana so ka yi wa ƙanwarka abin da ya fi kyau a hannunka shi ya sa ka tuna da harafin da ka fi so, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin. Amma ka tuna wa zai karɓi katin, kawunnai ne da gwaggwanni da malaman unguwa, iyalai biyu ne ke gayyata cikin girmamawa, muryar katin murya ce ta natsuwa. Wannan harafin kuma muryar talla gare shi, sunan amarya da shi zai fito kamar sunan kaya a kanti. Ka nemi mai ƙafa mai kyau ko mara ƙafa siriri a tsaye don bayanin rana da wuri, sunayen ango da amarya kuma ka ba su rubutu irin na hannu wanda ake iya karantawa. Sanarwar rasuwa da sadakar uku ko ta arba'in, da duk abin da ya ɗauki aya ko hadisi ko addu'a, su ma kar ka kusance su da shi ko kaɗan.

Wannan ya kawo ni kan Larabci, tunda kai a Marwa kake aikin Kuseri da Njamena zai riƙa zuwa maka, kuma a Chadi Faransanci da Larabci ne harsunan hukuma don haka alluna da yawa biyu ake rubutawa. Rubutun Larabci da ajami ba su da al'adar italik irin ta boko, suna da salonsu na kansu, nasahi da kufi da ruƙ'a da sauransu. In ka zaɓi layin Larabci ka danna I, kwamfuta za ta tura shi dama alhali shi hagu yake tafiya, sai ya zama yana jingina baya, alif da lam duk su karkace ɗigo su bar mazauninsu. Ka bar Larabcin a tsaye, ka nemo mai kauri wanda nauyinsa ya yi daidai da na bokon, irin Noto Kufi Arabic mai kauri yana zama da kyau kusa da mara ƙafa, kuma ka ba wanda ya iya karantawa ya duba maka kafin a buga saboda wasu manhajojin suna raba haruffan ko su juya su.

Sai babbar damuwarmu mu masu rubuta Hausa da Fulatanci, haruffa masu ƙugiya. ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ga ŋ na Fulatanci, da manyansu Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ Ŋ. Yawancin polis masu kyan gani da ake saukewa kyauta a intanet Turawa ne suka yi wa harsunansu, babu waɗannan a ciki, wasu ko é da è da ç na Faransanci ba su da su. Abin da ke faruwa sai ka rubuta ƘARFE ko ƊINKI, kwamfuta ta rasa harafin farko sai ta aro shi daga wani polis daban, sai ka ga duk kalmar mai kauri a karkace amma Ƙ ɗin siriri a tsaye shi kaɗai, ko kuma akwati fanko ya fito a wurinsa. Wani lokacin ma polis yana da su a na tsaye amma babu a gra italik ɗinsa, don haka a ainihin wanda za ka yi aiki da shi za ka gwada. Su kuma wasu sai su ce a cire ƙugiyar kawai a huta, wannan ni yana min ciwo, don ƙasa da kasa ba ɗaya ba ne, ɓata da bata ba ɗaya ba ne, harshenmu ya cancanci a rubuta shi daidai a allo kamar yadda babu wanda zai yarda a cire wa Faransanci aksan ɗinsa, wato alamomin kan é da è, a takardar hukuma. Kamaru tana da tsarin haruffan harsunan ƙasa tun 1979 kuma ɓ da ɗ da ŋ da ƴ suna ciki, ba baƙi ba ne. Waɗanda zan ce ka riƙe, Noto Sans na Google yana da su duka har a Bold Italic, Andika na SIL ma haka kuma shi don masu koyon karatu aka yi shi shi ya sa haruffansa a buɗe suke, DejaVu Sans Bold Oblique ma yana da su ko da yake yana da faɗi yana cin wuri. Dukkansu kyauta ne babu maganar lasisi, saɓanin Helvetica da Futura da Univers na asali waɗanda na kuɗi ne. Ka yi wa kanka layin gwaji ka ajiye a fayil, Ɓɓ Ɗɗ Ƙƙ Ƴƴ Ŋŋ Éé è ç œ 1 7 3 6 8 9 Il1, duk sabon polis ka liƙa masa wannan kafin ka so shi. Na ƙarshen nan Il1 don ka ga ko babban I da ƙaramin l sun bambanta, a Arial da Helvetica kusan sanda ɗaya ce, suna irin Iliya sai ya fito kamar sanduna a jere. Sannan ka kalli ƙugiyar da kyau a girman da za a buga, a mai kauri ƙugiyar ɗ da ƙ tana iya mannewa da harafin da ke biye musamman in l ne ko k ko h, in ta manne ka buɗa tsakaninsu da hannu.

Wani abu kuma da ya yaɗu yanzu, rubutun ado da ake kwafowa daga wasu shafuka a liƙa a Facebook ko a sunan WhatsApp ya fito da kauri a karkace. Mutane na ɗauka polis ne, ba polis ba ne. Alamomin lissafi ne da aka saka a Unicode a 2001 don masana lissafi su riƙa rubuta ƙa'idojinsu, sun yi kama da A B C ne kawai amma a wajen na'ura wasu abubuwa ne daban. Shi ya sa a cikinsu babu ɗ babu ƙ babu é, lambobi masu karkata ma babu, sai ka ga suna ya fito rabi a karkace rabi a tsaye. Wanda ya nemi sunan shagonka da rubutu na yau da kullum ba lallai ya same ka ba, tsofaffin wayoyi akwatuna za su nuna, manhajar da ke karanta wa makafi rubutu kuma ko ta tsallake ko ta riƙa kiran sunan kowace alama ɗaya-ɗaya. In kwastoma ya ce ka yi masa haka a shafin kasuwancinsa ka ba shi shawara ya bari. A cikin saƙon WhatsApp akwai hanyar gaskiya, ka sa kalma tsakanin taurari biyu ta yi kauri, tsakanin layin ƙasa biyu ta karkata, ka haɗa su ta yi duka, kuma ƙugiyoyinka suna nan lafiya.

Ɓangaren bugu kuma yanayinmu yana da nasa hukunci. Zafin Maris da Afrilu a Garwa da Marwa yana wuce digiri 40, otokolan, wato rubutun leda mai mannewa, da aka yanka da injin yanka wato ploter, daga kusurwa mai tsini yake fara ɗagowa, harafi mai karkata kuwa kusurwoyinsa sun fi na tsaye tsini, ga ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashi tana ƙarasa shi. Don haka a gilashin mota ko tankin moto kar ka yanka ƙanana, kuma in za ka iya ka ɗan zagaye kusurwoyin a Corel kafin ka tura wa inji. Cire tarkacen cikin a da e da ɓ a ƙaramin harafi mai kauri ma aiki ne mai cin rai, wuƙa na iya yaga shi. A hatimin roba wato kashe kar ka sa shi sam, tawada na cika ramukan, bayan ɗan lokaci dunƙule kawai zai riƙa bugawa. A bugun riguna, wato serigrafi da filokaj, yana kyau in babba ne, amma lambar baya a bar ta a tsaye don alƙalin wasa. Launi kuma, ja shi ke fara koɗewa a ranarmu, in allon zai daɗe a waje gara baƙi a kan rawaya ko fari a kan shuɗi mai duhu, kuma kar ka sa ja a kan kore ko shuɗi, gefen harafin rawa yake yi a ido. Inuwa da zagaye da ƙyalli da ake lafta masa duk ba ya buƙata, ya riga ya yi nauyi da kansa, in ka ƙara masa inuwa ramukan cikinsa ne ke ƙara duhu.

Wajen jera shi ma akwai ƴan dabaru. In ka sa shi a tsakiyar akwati da maɓallin santire, wato mai kai rubutu tsakiya, zai yi kamar ya matsa dama saboda kansa ya leƙa can, ka ɗan jawo shi hagu da ido har ya zauna. In za ka yi masa akwati ko layi a gefe, ka karkatar da gefen akwatin daidai digirin harafin, in harafi 12 ne akwati ma 12, in suka saɓa ido na ganewa nan take. In duka manyan haruffa ne ka ɗan buɗa tsakaninsu, sannan ka duba wuraren da fili ke yawa kamar tsakanin A da V, L da T, T da A, ka matse su da hannu. Kar ka ja shi ta gefe don ya cika allo ko ka matse shi don ya shiga, wannan yana lalata kaurin sanduna fiye da italik na jabu ma, in wuri ya yi kaɗan nemi ɗan gidan da aka yi matsattse tun asali, wanda ake rubuta wa Condensed. Kuma polis biyu sun isa allo ɗaya, in ma gida ɗaya ne ya fi.

In ka gama na mai kayan moto, kafin ka kai imprimeri wato wajen bugu ka zaɓi duk rubutun a CorelDRAW ka danna Ctrl da Q ya koma zane, don in kwamfutarsu ba ta da polis ɗinka za ta musanya shi da wani ba tare da ta tambaye ka ba kuma ƙugiyoyin ne za su fara tafiya, amma ka ajiye kwafi ɗaya wanda ba ka mayar ba saboda gyara. Sannan ka buga sunan shagon da lambar wayar a takardar A4, ka manna a bango, ka ja baya kamar taku goma ka sa wani wanda bai san abin da aka rubuta ba ya karanta maka da ƙarfi, in ya yi tuntuɓe a lamba ko harafi ka gyara wurin tun bash bai ci kuɗi ba. Ka turo min hoton in ka haɗa, da sunan polis ɗin da ka ɗauka da girman allon, sai in duba maka tazarar haruffan.